Majuyar Iska: Abin da Ke Kan Gwandu da Kalgo Wanda Ba Mu Raɗa wa Suna Ba

Wani yammaci a farkon damina, ina tsaye a bakin fadamar Kalgo tare da wani dattijo manomin shinkafa, sai ga hadari ya yi baƙi ƙirin ta yamma, har da walƙiya. Na soma tattara babbar rigata ina waigen inda na ajiye mota. Dattijon nan kallo ɗaya ya yi wa sama ya ci gaba da gyaran kunyarsa. Ya ce mini, “Zamna abinka Malam, wanga ba namu na ba, ya riga ya wuce. Namu daga gabas yaka hitowa.” Haka kuwa aka yi, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

A hanyata ta komawa Birnin Kebbi abin ya yi ta cina a rai. Ni da na ƙare rayuwata a nazarin harshe, na san sunan da Bature ya ba wannan sarari da hadarin yake yawo a ciki, amma na kasa karanta abin da ke gabana. Shi kuwa dattijon ya karanta shi sarai, alhali da zan tambaye shi sunan wurin da abin ke faruwa, iyakar abin da zai ce mini shi ne “sama”. Wannan giɓi da ke tsakanina da shi nake so mu duba tare da mai karatu, domin ba ƙaramar asara yake jawo mana ba.

Bari mu fara da shi wurin. Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa take, kuma hawan farko, wanda muke ciki tsundum, shi masana ke kira turofosfiya. A nan ƙasashen zafi kaurinsa yakan kai kilomita 16 zuwa 18, a can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya kuwa bai fi 8 ko 9 ba. Don mai karatu ya kwatanta: da a ce mota na iya miƙewa sama, tafiyar ba za ta ɗara ta Birnin Kebbi zuwa Kalgo da wani abin kirki ba. Tsakanin Gwandu da Kalgo kuwa, wanda a miƙe ya kai kimanin kilomita 50, ya ninka kaurin nan kusan sau uku. To, a cikin wannan ɗan siririn mayafi ne kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin iskar duniya yake, kuma kusan dukkan tururin ruwa a nan yake. Girgije, raɓa, hazo, guguwa, ƙanƙara, tsawa, duk ’yan gida ɗaya ne, kuma wannan ne gidan.

Abin da ya bambanta shi da hawan da ke bisansa shi ne daga ƙasa ake dafa shi. Hasken rana yana ratsa iska ba tare da ya ɗumama ta sosai ba, sai ya gasa ƙasa, ita kuma ƙasa ta gasa iskar da ke kwance a kanta, tamkar tukunya a kan murhu. Iskar da ta yi zafi takan yi sauƙi ta tashi, tana tashi tana buɗewa tana hucewa. Shi ya sa duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5. A watan Afrilu, lokacin da ma’auni ke haura digiri 40 a kasuwar Gwandu, kilomita 5 zuwa 6 kacal a bisa kan masu kasa albasa ruwa daskarewa yake yi, a can ƙololuwa kuma sanyin yakan kai digiri 75 ƙasa da sifiri. Wanda ya taɓa mamakin yadda ƙanƙara ke faɗowa a garin da ake gumi, ga amsarsa nan.

A ƙololuwar nan sanyi ke daina ƙaruwa, iskar da ke sama ta koma ɗumi, ta zama murfin tukunyar. Ba sai da na’ura ake ganin murfin ba. Duk wanda ya lura da babban hadarin damina daga nesa zai ga yana toho kamar curin auduga, yana hawa, can sai kansa ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Inda ya bajen nan, rufi ya bugo.

Wani Bafaranshe mai suna Leon Teisserenc de Bort ne ya gano wannan iyaka. Ya yi shekaru yana sakin balan-balan ɗauke da ma’aunin zafi daga Trappes, kusa da birnin Paris, har a 1902 ya bayyana cewa a wajen kilomita 11 a sararin ƙasarsu sanyi ya daina ƙaruwa. A shekarar ce kuma wani Bajamushe, Richard Assmann, ya fitar da irin wannan sakamako. Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne yadda Bafaranshen ya raɗa sunan: ya ɗauko kalmar Girkanci mai ma’anar juyawa, ya haɗa da wata mai ma’anar dunƙule. Wato dai wurin da iska ke juyawa. Babu wani sihiri a cikin kalmar da ke firgita ’ya’yanmu a ajin sakandare. Da an fassara musu ita tun farko, da sun ga abin da suke gani kullum ne.

To, me ke juyawa a kan Gwandu da Kalgo? Iskoki biyu ne ke kokawa a kanmu shekara da shekaru. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, ta ratso Hamada. Ɗayar kuwa mai laima ce daga kudu maso yamma, ta taso daga Tekun Atilantika. Layin da suke karo yana tafiya: a watan Janairu yana can kusa da gaɓar teku, a watan Agusta kuwa ya wuce mu, ya wuce Agadas. Idan layin yana kudu da mu, muna cikin hunturu da rani. Idan ya tsallake mu ya yi arewa, sai iska ta juya, gumi ya sauka, mu ce bazara ta kama. Amma ruwa ba ya zuwa tare da layin. Iskar teku tana shigowa ne ta ƙarƙashin ta Hamada kamar bakin gatari, siririya a gaba, mai kauri a baya, kuma sai kaurinta ya isa sannan take iya haifar da hadari mai ruwa. Shi ya sa ruwan kirki ke biyo bayan layin da ɗaruruwan kilomita. A tsakanin nan ne ake samun holoƙo: hadari ya haɗu, iska ta taso, ƙura ta turnuƙe gari, a kwashe shanya, a ƙarshe ko yayyafi babu, domin ɗigon ya ƙone a busasshiyar iska kafin ya iso ƙasa.

Yanzu sai mu koma ga maganar dattijona. In laima daga kudu maso yamma take zuwa, don me hadari zai fito daga gabas? Dalili shi ne hawan nan na ƙasa shi kansa ba bai ɗaya yake ba. Iskar teku ta mallaki kilomita ɗaya ko biyu na ƙasa ne kurum. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma a tsawon damina, kuma ita ke jan ragamar hadari. Ruwan na kudu ne, amma direban na gabas ne. Manyan hadarurrukan kan jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su yi yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a sa’a, kuma igiyoyin da ke tayar da su kan zo ne duk bayan kwana 3 zuwa 5. Hadarin da aka hango a yamma ya riga ya ba mu baya. Wanda ya sauka a Gwandu da la’asar kuwa, mutumin Kalgo yana da kimanin sa’a guda ya kwashe shanyarsa. Dattijon bai taɓa jin labarin wata iska a kilomita 4 ba, amma shekara sittin yana kallon aikinta.

Na daɗe ina tattara kalmomin da Bahaushe ke da su na wannan fanni, kuma duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko na Jami’ar Bayero na 2006 zai ga ba mu da talauci. Muna da yayyafi da tsattsafi da mamako da marka, wadda a nan yamma muke ce wa malka. Muna da cida, wato rugugin nesa, daban da tsawa, daban da aradu. Muna da hazo da buda da jaura. Muna da agazari, zafin nan na ƙarshen damina da ke nuna amfanin gona. Harshen da ya ware wa zafin makonni kaɗan suna na kansa ba za a ce masa bai san sama ba.

Sai dai kash, inda muka yi arziki a ƙananan sunaye, a nan muka yi tsiya a manya. Ɗauki kalmar “iska”. Ita ce abin da muke shaƙa, ita ce mai kaɗawa, ita ce mayafin duniya gaba ɗaya, ita ce kuma mutanen ɓoye. Ɗauki “sararin samaniya”: da ita gidajen rediyo ke fassara inda jirgin sama ke bi, da ita kuma suke fassara inda tauraron ɗan’adam ke shawagi, alhali tsakaninsu akwai ɗaruruwa ko dubban kilomita. Wadda ta fi damuna ita ce “yanayi”. Halin da gari ya wayi da shi yau, yanayi. Ɗabi’ar ƙasa ta shekara talatin, yanayi. Damina da rani, yanayi. Saboda haka idan jami’i ya hau mumbari ya ce “sauyin yanayi” na barazana ga noma, manomi na da hujjar ya yi murmushi, don a saninsa yanayi bai taɓa daina sauyawa ba. Sau huɗu ma yake sauyawa a shekara.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malaman jami’a ce ta shan shayi. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka mafiya tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma masu binciken sun danganta hakan da ƙarin zafin Hamada. Sananne ne kuma cewa duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi da kimanin kashi 7 cikin 100. Ma’ana, tukunyar da dattijona ya sani tun yana yaro an ƙara mata wuta. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, suka koyi tsoron ƙarancin ruwa. Mu kuma ga shi muna ganin ruwan wata guda yana sauka a dare biyu. An yi ambaliya a 2010. A 2020 kuwa, shekara biyar bayan ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi, ruwa ya shafe gonakin da aka ƙiyasta sun kai hekta 450,000 a jihar, mutane suka wayi gari ga bashi ga babu shinkafa.

Irin wannan ruwa shi ne Bahaushe ke cewa hadarin ƙasa maganin mai kabido. Ruwan da ke cinye fadamar Kalgo galibi ba a Kalgo ya sauka ba. A ƙasashen Katsina da Zamfara da Sakkwato ya zuba, ya biyo Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ta madatsun Goronyo da Bakolori, ya iso bayan kwanaki, wataƙila ma rana na haske. A nan idon dattijo, duk kaifinsa, ya gaza, domin ba ya hango abin da ya wuce gefen sama. Nan ne ake bukatar tauraron ɗan’adam da balan-balan ɗin awo da kwamfuta. Kuma akwai su. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har ana fassara shi da Hausa. Hukumar kula da koguna ta ƙasa tana fitar da nata na ambaliya. Cibiyar AGRHYMET tana nan a Yamai tun 1974, kusa da mu fiye da Abuja. Ilimin ya samu. Tambayar ita ce da wace kalma yake isa kunnen mai fartanya.

Ga misali guda. In masanin yanayi ya ce damina za ta “fara” ranar kaza, yana nufin lokacin da ruwa ya taru ya jiƙa ƙasa, kuma ba a sa ran dogon tsaiko a bayansa da zai kashe tsiro. In manomi ya ji “farkon damina”, ruwan fari yake ji. Tsakanin ma’anonin nan biyu ana iya samun mako uku, kuma a cikinsu ne iri ke ƙonewa a rami, musamman ga wanda ya yi binne. Alhali Hausa na da maganin wannan a hannu: ruwan fari daban, ruwan shuka daban. Mai fassarar da ya san gona ba zai haɗa su ba. Haka nan “akwai yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100”. Na gwada wannan jimla a kan ɗalibaina na ajin ƙarshe, wasu suka ce kashi 60 na gari ne zai samu ruwa, wasu suka ce kashi 60 na yini za a yi ana ruwa. In ’yan jami’a sun rabu a kanta, ina ga wanda ya tsinci maganar a rediyo yana kan jaki? Da an ce “a irin wannan rana, sau shida cikin goma akan yi ruwa”, da an wuce wurin.

Akwai kuma kalmar “hasashe” ita kanta, wadda wasu ke ji kamar duba ko shiga gaibu. Ni a ganina “kintace” ko “ƙiyasi” sun fi ta tsabta a kunne, don suna nuna awo ne da lissafi, irin wanda dattijona ya yi da ya ce hadarin yamma ba namu ba ne, kuma ba wanda ya zarge shi da bokanci.

Hunturu ma na da nasa hisabin. Ƙurar da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Da dare ƙasa kan huce da sauri, iskar da ke kanta ta fi ta sama sanyi, sai juyawar ta tsaya cik. Shi ya sa da asuba za ka ga hayaƙin murhu ya kwanta a kan rufin gidaje ya ƙi tashi, mu da ’ya’yanmu muna shaƙa. Manomin albasa a Gwandu da Aliero yana son sanyin nan, ma’aikacin asibiti kuwa ya san abin da ke biye da shi. Busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, kuma a ƙarshen rani ne sanƙarau ke tashi. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. A watan Maris na 2025 hukumomin Jihar Kebbi sun ba da sanarwar rasuwar mutum 26, Gwandu na cikin inda abin ya fi tsanani. Gargaɗin ƙura da zafi, ashe, ba na matuƙan jirgin sama ba ne su kaɗai.

Wani zai ce ai kalmomin kimiyya ba sa shiga bakin talaka. Tarihin ƙasar nan ya ƙaryata shi. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, garin littattafai. A nan ne matafiyin nan Heinrich Barth ya samu kwafin Tarihin Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu. Malaman wannan yanki sun ɗauko lissafin taurari 28 daga littattafan Larabci, kowane da kwana 13 in ban da guda mai 14, suka ɗora shi a kan daminarmu. Yau manomin da bai taɓa buɗe littafin hisabi ba zai gaya maka an shiga Zira’a, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, ya kuma san abin da ake shukawa da abin da aka makara. Baƙin kalmomi ne, amma sun zauna daram saboda an ɗaura su a kan aikin da mutum ke yi da hannunsa. Mu ’yan boko mun yi wa nahawu da adabi irin wannan hidima, littafin keɓaɓɓun kalmomin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 shaida ne. Sama ce muka bari a hannun kowane mai fassarar labarai ya yi yadda ya ga dama kafin ƙarfe bakwai.

Tawa gudummawar ƙarama ce. Hausa na gina sunan wuri da ɗafa “ma-” a gaban aiki: inda ake karatu makaranta, inda ake rini marina, inda ake jima majema. Inda iska ke juyawa, me zai hana mu ce majuya? Majuyar iska, ma’anar da Bafaranshen ya nufa ke nan ba ragi ba ƙari, kuma yaro ɗan aji huɗu zai iya furta ta. Murfinta mu ce rufin majuya. Halin yini mu bar masa “yanayin gari”, na shekaru masu yawa mu ce “ɗabi’ar ƙasa”, don in an ce ɗabi’ar ƙasa ta sauya, kowa ya san magana ta girma. Ban ce dole a karɓa ba. An sha ƙirƙiro kalma a ofis ta mutu a bakin ƙofa. Amma ga Jami’ar Tarayya a nan Kalgo tun 2013, ga ta kimiyya da fasaha a Aliero, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zama uku ko huɗu tsakanin masana yanayi, masana harshe, ma’aikatan rediyo da dattawan fadama ya isa a fitar da kalmomi ɗari da za a riƙa amfani da su bai ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne dattawan su zauna a kan tebur, ba a bayan zaure ba.

Da na koma Kalgo bayan kaka, na tarar da dattijona yana sussuka, na gwada masa kalmar. Ya maimaita ta sau biyu, ya yi dariya, ya ce da fari ya ɗauka wata sabuwar muciya ce aka kawo wa mata. Da na yi masa bayanin tukunya da murfi, da iskar gabas da ke bisa ta kudu, sai ya ajiye sandarsa ya yi shiru. Can ya ce in haka ne, waɗanda ke da na’urar hangen hadari tun yana ƙasar Zamfara su riƙa faɗi da wuri, kuma su faɗi ko kwana nawa ruwan gulbi zai yi kafin ya iso gonarsa. Na rubuta tambayar a bayan takardar jarrabawar da ke aljihuna.